Mutanen Gindin Katanga da Ban Ƙirga Ba

Duk shekara idan aka turo mini sababbin masu koyo a shagon nan na bayan tashar Gure, ina ganin tambaya ɗaya a fuskokinsu, ko ba su furta ba: wai wannan ma har sana'a ce? A kwafo layi uku, a manna a shafi, a koma a harɗe ana kallon lamba tana hawa. Ku ma haka kuka dube ni ranar farko, kada ku musa. Ba na jin haushi, na gaji da jin haushi tuntuni. Amma tunda kun ce aikin wasa ne, bari in rubuta muku yadda na yi shi, da kuma abin da layi uku suka jawo a hannuna.

Sunana Laminu. A Damagaram na koyi aikin, a sibar ɗin wata mata da ake ce wa Madam Rabi, lokacin da mutane ke biyan awa su zauna gaban ordinatè, wato kwamfuta. Na shiga wurinta da gemuna, ina buga wa mutane takardun neman aiki. Ita ce ta fara nuna mini yadda ake gina sit, wato gidan shafuka a intanet, daga baya ta koya mini balis. Balis ɗan guntun rubutu ne da ake sakawa a cikin shafi, ido ba ya ganinsa. Duk wanda ya buɗe shafin, balis zai aika labari cewa an zo, daga wace ƙasa, da waya ko da ordinatè, an daɗe ko an leƙa an fita. Kamar mai gadi ne a bakin ƙofa da ke jefa tsakuwa a ƙwarya duk lokacin da mutum ya wuce.

Aikina na farko na wani mai sayar da takalman fata ne da ke son sanin ko 'yan ƙasar waje suna kallon kayansa. Na gina masa shafi biyar, na saka balis a kowanne da hannuna. Bayan mako guda na buga rapor, wato rahoton yawan baƙi, na kai wa Madam Rabi ina tafiya kamar wanda ya ci kokowa. Lambar ta yi kyau ƙwarai. Ta duba, ta sauke tabarau, ta sake dubawa.

"Laminu, sau nawa ka buɗe sit ɗin nan a makon nan?"

"Madam, ina dai leƙawa in ga ko yana nan lafiya."

"To duk baƙin nan da kake murna da su, kai ne. Kai ka zo, kai ka koma, kai ka sake zuwa. Je ka ce wa mai takalmi mutum ɗaya ne ke son kayansa, shi ma ba saya zai yi ba."

'Yan sibar suka yi ta dariya har la'asar. Ranar ta koya mini doka: ba a ƙirga mutanen gida. Kowane layin intanet yana da adireshinsa, saboda haka sai ka rubuta sharaɗi a saman balis cewa in mai buɗe shafin daga adireshin biro, wato ofishin mai sit, yake, kada a aika komai. Kunyar ranar ce ta sa dokar ta zauna mini daram. Duk sit ɗin da na taɓa bayan nan, kafin in saka balis sai na fara tambayar adireshin biron mai shi.

Da na dawo Gure na buɗe shagona, kayan aikina ba su da yawa: tsohuwar ordinatè mai zafi kamar kasko, kile guda biyu na ajiye kwafin aiki, batir da fanno mai ɗaukar hasken rana saboda ɗaukewar wuta, da wani littafi mai baƙin bango inda nake rubuta kowane shafi da balis ɗin da ke cikinsa. Littafin nan shi ne rabin sana'ar. In mai sit ya ce a ƙara masa balis na talla, sai in bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, in sauko da kowanne, in manna, in mayar. Rezon intanet na garin nan kun san halinsa. Kana tsakiyar mayar da shafi sai ya yanke, rabi ya tafi rabi ya tsaya, mai sit ya kira ka ya ce hotonsa ya ɓace. Akwai ranar da na yi wa sit ɗin wani mai kayan gini aiki daga safe har magariba, washegari na tarar na manna balis ɗaya sau biyu a shafin farko, kowane baƙo ya zama tagwaye.

Masu ba ni aiki kuwa, Allah ya saka musu. Yawancinsu ba sit suke so ba, suna so ne a rubuta adireshinsa a jikin allon shago. Wani Alhaji mai kanti ya ce in fito masa da lambar baƙi a fuskar shafi kowa ya gani, sannan ya rage murya ya ce, "Amma ka ɗan ƙara mata auki, kada abokan kasuwa su ce ba kowa." Na ce ba na yi. Ya ce to me amfanina. Har yau in mun haɗu a masallaci yana gaishe ni da hannu ɗaya.

Ana nan sai Madam Rabi ta kira ni wata rana ta ce ta daina manna balis da hannu. An fito da manhaja mai tattara su wuri guda, mu a nan muna ce mata akwati. Layi ɗaya kake sakawa a sit, sau ɗaya tak, shi ke nan ka gama taɓa shafuka. Duk balis ɗin da kake so, a cikin akwatin za ka ƙara shi ko ka cire shi, ka faɗa masa lokacin da zai tashi da lokacin da zai yi shiru. Kafin ka saki gyara akwai wurin gwaji, inda za ka buɗe shafin ka gani da idonka wane balis ya tashi, wanne ya ƙi, da dalilin ƙinsa. Kuma yana riƙe tarihin duk abin da aka canja, in ka ɓata sai ka koma na jiya.

"Ka koma akwati, Laminu," in ji ta. "Littafin nan naka wata rana zai ci amanarka."

Na ce mata akwati na mutanen Yamai ne masu rezo mai ƙarfi, mu nan zai ƙara wa shafi nauyi. Akwai gaskiya kaɗan a maganar, amma ba ita ce ta hana ni ba. Girman kai ne. Na yi shekara da shekaru ina aikin da hannu, ina ganin duk wanda ya koma akwati rago ne. Ta ce to, ta kashe waya.

Aikin da nake son ku ji labarinsa na wata ƙungiyar makiyaya ne. Wani furoje, wato shirin masu ba da tallafi, ya kama musu biro a nan cikin gari, ya kafa musu eriya mai layin intanet na kansu, ya ce a gina sit. Zuciyar sit ɗin shafi ɗaya ne, shafin ruwa. Wani dattijo, Malam Bukar, tsohon malamin dabbobi da ya yi ritaya, shi ke tattara labari: wace rijiya ce ta ƙafe a wajen Alakoss, wane foraj, wato rijiyar burtsatse, ne injinsa ya lalace a Bune, ina ciyawa ta rage a arewacin Gamu, ina cuta ta ɓulla kada a kai garke. Yana da mutane a kowace rijiya da ke kiransa. Duk safiyar Litinin da Alhamis zai zo biro da takardarsa, a rubuta labarin a shafi, sannan ya karanta shi da murya cikin Hausa da Barbarci da Fulatanci, a ɗora muryar don waɗanda ba sa karatu. Ban taɓa yin aikin da na ga amfaninsa ƙuru-ƙuru kamar wannan ba. Mutum ya san kada ya kora shanu kwana biyu zuwa rijiyar da ba ruwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne a bazara.

Sharaɗin masu furoje ɗaya ne. Bayan shekara biyu za su duba rapor, in mutanen yankin suna amfani da sit ɗin a ci gaba, in ba sa yi a rufe. Suka ce ni zan ƙirga. Na saka balis da hannuna kamar kullum, na tambayi adireshin layin biro, na rubuta sharaɗin nan nawa a saman kowane shafi. Na dawo shago na buɗe sit ɗin da wayata, na ga an ƙirga ni. Na rubuta a littafi cewa komai daidai.

Abin da ban saka a lissafi ba shi ne katangar biron. Wifin wurin ya fi kowane rezo ƙarfi a unguwar, kuma Malam Bukar ba mutumin da zai ɓoye lambar sirri ba ne. Da alli ya rubuta ta a jikin ƙofa. Cikin 'yan makonni gindin katangar ya zama majalisa. Direbobin motocin daji, mata masu sayar da cuku da 'yan'uwansu ke bin garke, dillalan kasuwar dabbobi, duk wanda ke da wani a daji, nan yake zuwa ya tsuguna a inuwar dogon yaro. Su buɗe shafin ruwa, su sauko da muryar Malam Bukar, su tura wa na daji, ko direba ya tafi da ita a wayarsa ya kunna a bakin rijiya. Ba wanda zai ƙona kuɗin wayarsa a gida alhali ga na banza a gindin katanga. Dukansu ta layin biro suke shiga. Dukansu kuma sharaɗina ya ɗauke su mutanen gida, balis ya yi shiru.

Kullum ina wucewa ta wurin a kan babur. Ina ganinsu da idona, kawuna a sunkuye. A raina cewa nake kokowa suke kallo. Ƙarshen wata in buɗe rapor in ga lamba 'yar mitsitsiya, in girgiza kai in ce mutanenmu ba su waye ba tukuna. Har na taɓa faɗa wa Malam Bukar haka.

"Ɗana, anya na'urar nan taka tana gani da kyau?" ya ce. "Ni fa in na makara da rabin awa, sai an biyo ni gida."

"Baba, lamba ba ta ƙarya. Masu damun ka 'yan kaɗan ne, su ne dai kullum."

Ya naɗe takardarsa ya sa a aljihu. Shi mutum ne da ya yarda kowa ya san aikinsa. Da ya yi mini gardama da ya taimake ni.

Shekara ta biyu ita ce mummunar shekarar. Damina ta ɗauke da wuri, ciyawa ta ƙare tun kafin tsakiyar rani, garkuna suka yi ta gangarowa kudu. A cikin wannan hali wa'adin ya cika. Wani jami'in furoje, Mushe Idi (mu nan mushe muke ce wa ma'aikaci don girmamawa), ya zo daga Yamai aka yi taro a biro. Mutumin kirki ne, ba shi da laifi, abin da na ba shi ya karanta. Ya haska rapor ɗina a bango, ya nuna cewa 'yan baƙin da ake samu ma yawancinsu daga Yamai suke da ƙasashen waje, daga Gure kusan babu. Malam Bukar ya ce a fita a dubi gindin katanga. Mushe Idi ya ce ya gani da shigowarsa, amma wifi na banza ko'ina yana tara jama'a, shi abin da zai kai wa manyansa takarda ce. Ya juyo ya tambaye ni ko na tabbata da lambar. Na ce na tabbata. Ƙarshen watan aka sauke eriya, aka rufe sit, aka mayar wa mai gida mabuɗinsa.

Bayan kamar mako uku, wani direban motar Alakoss mai suna Mamman ya shigo shagona da waya a hannu.

"Mushe, duba mini, shafin ruwa ya ƙi buɗewa. Ko wayar ce?"

Na ce an rufe shi, ai ba masu amfani da shi.

"Wa ya ce? Mu fa?" Ya zauna a kan benci ba tare da na ce ya zauna ba. "Makon jiya mutanen ƙanena suka kora shanu zuwa wani foraj, kwana biyu suna tafiya, suka tarar inji ya mutu tun sati biyu. Kafin su kai rijiya ta gaba, masu rauni duk sun kwanta. Da muryar Baba na nan ai ba za su bi ta can ba."

Na tambaye shi a ina yake buɗe shafin da. Ya dube ni kamar na tambaye shi ina alƙibla.

"A gindin katanga mana. Ina kuma? Kowa can yake buɗewa."

Bai gama rufe baki ba na gane. Na ji kamar in tashi in bar masa shagon. Bayan ya fita na buɗe kwafin shafukan da ke kan kile, ga sharaɗin nan a saman kowanne, da rubutuna, ba kuskuren harafi ko ɗaya. Na rubuta wa masu ajiye mana sit a waje ko suna da rajistar waɗanda suka shiga. Suka ce ba sa riƙe ta fiye da 'yan makonni, ta goge. Abin da balis bai aika ba kuwa, babu shi a ko'ina a duniya.

Ga abin da nake so ku riƙe, ku masu cewa kwafa da mannawa ne. Da akwati na saka, ranar da na ɗora shi a biro zan buɗe wurin gwaji a kan layinsu, saboda haka ake yi, kuma zai rubuta mini ɓaro-ɓaro cewa balis bai tashi ba, ga sharaɗin da ya hana shi. Ranar da Malam Bukar ya yi shakka, minti goma sun isa in tsuguna a gindin katanga in gwada, maimakon in ji ƙyuyar sauko da shafuka ɗaya bayan ɗaya a kan rezon nan. Da sharaɗin yana wuri guda a gaban idona duk lokacin da na buɗe akwatin, ba a binne cikin shafuka da na manta ba. Da zan iya cewa a yi wa masu layin biro alama kawai a ajiye su gefe, kada a zubar da su. Da zan ƙara balis a kan maɓallin sauko da murya ba tare da na taɓa sit ba, a ga sau nawa aka ɗauke ta. Yanzu duk aikin da na karɓa da akwati nake farawa, kuma shi zan fara koya muku. Amma kada ku ɗauka zai yi muku tunani. Akwati bai san cewa a Gure mutane a gindin katanga suke shiga intanet ba. Wannan sai wanda ya sauka daga babur ya tambaya.

Kuma kada in ruɗe ku, sana'ar ba ta da gaba a garin nan yadda nake gani. Furoje-furoje sun tattara sun tafi, 'yan kasuwa sun koma tallan kayansu a waya, wata sai ya wuce ba wanda ya tambaye ni sit. Na iya aikin daidai a lokacin da ba wanda zan yi wa shi. Wannan yana ci mini rai fiye da yadda zan iya rubutawa.

Kwana biyu na yi ina juya maganar kafin na je gidan Malam Bukar. Na same shi da hantsi a zaure yana gyara igiyar akuya. Na faɗa masa komai, ban rage ba. Na ce mutanensa suna nan, ni na hana a ƙirga su. Ya ajiye igiyar.

"To yanzu ba a iya sake ƙirgawa?"

"Ba a iyawa, Baba. Ya wuce."

"Na'urar ce ba ta iyawa," ya ce. "Mutanen ai ba su mutu ba."

Bai zage ni ba, ko da kalma ɗaya, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Washegari ya sayi takardu da tawadar dangwale. Dattijon nan ya bi tasha, ya bi kasuwar dabbobi, ya hau motar Mamman zuwa Alakoss da Bune da Gamu a tsakiyar zafin bazara, yana tsayawa a bakin kowace rijiya. Duk wanda ya taɓa jin muryar shafin ruwa ya faɗi sunansa a rubuta, ya dangwala yatsa. Na kira Mushe Idi na yi masa bayanin kuskurena, na kuma rubuta a takarda na sa hannu. Ya ji, ya yi salati, ya ce zai gwada. Malam Bukar ya ɗauki takardunsa a cikin jakar leda ya kai biron furojen da ke Damagaram da kansa. Suka karɓe shi da mutunci, suka ba shi ruwa, suka ce an riga an rufe dosiye, wato fayil ɗin aikin, an karkatar da aikin wata jiha, ba mai ikon buɗe shi a nan. Ko jakar ba su kwance ba.

Da ya sauka a tasha bai wuce gida ba, shagona ya shigo. Ya rame, leɓɓansa sun tsage. Ya ɗora jakar a kan teburina, ta yi nauyi har ordinatè ta motsa.

"Sun ce ba su da wurin ajiye ta," ya ce. "Ni kuma ido ya yi rauni. Kai ne mai ƙirga, Laminu. Ga su nan, in ka samu lokaci ka faɗa mini ko su nawa ne."

Na ce to, Baba. Ya rasu da kaka, ban faɗa masa ba. Sau uku ina kwance jakar, ban taɓa wuce takarda ta biyu ba.